Allurar da Ta Tsaya a Tamanin da Biyar

Ranar da za su tashi, Ubaldo Tejada ya iso ƙofar gidan yayarsa da jakar kaya a kafaɗa da wani ɗan kwali a aljihun riga, kuma ɗan kwalin ya fi jakar damunsa. Sensar zafi ce a ciki, sabuwa fil, ɗan ƙarfen nan da bai wuce babban yatsa ba, wanda ake ɗaurawa a jikin inji ya riƙa jin zafin ruwa yana sanar da kwamfutar mota. Jiya da yamma ta iso daga Mendoza. Amma a sanin mutanen gidan nan, yau makonta uku a ɗaure cikin injin Gorda.

Gorda ita ce bas ɗin. Telmo Balmaceda, mijin yayarsa Zulema, ya shekara talatin da takwas yana jan bas tsakanin San Juan da garuruwan gindin duwatsu. Da ya yi ritaya sai ya sayo tsohuwa irin wadda ya saba ja, ya cusa ta ƙarƙashin rumfar inabin gidansu a Albardón, ya kwashe kujerun ya zubar. Shekara shida yana abu ɗaya. Ya kafa gado, ya kafa murhu da wurin wanke-wanke, ya yi ɗan banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya, Zulema kuma ta ɗinka labule mai furanni. Duk wahalar nan don ya haye da matarsa kan duwatsu zuwa Chile ta ga teku, tunda ta kai sittin da bakwai ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Ullum faɗi ba.

"Ga Injiniya nan!" in ji Telmo daga tagar direba. Ya sha farar riga mai guga, ga tsohuwar hularsa ta aiki a ka. "Har na ce ko sai mun aika maka da katin gayyata."

"Ƙarfe bakwai kuka ce, Yaya Telmo."

"Bakwai ɗin direba muke nufi, ba ta bakanike ba. Ta direba shida da rabi ce."

Ubaldo ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya hau.

Duk bakaniken da ya ce maka bai taɓa yi wa sensa gada ba, ko dai jiya ya fara aiki ko kuma ƙarya yake. Sensa ta mutu, jar fitila ta kama, kwamfuta ta tsorata ta danne ƙarfin inji, ƙatuwar mota ta koma jan ciki a titi. To sai ka zare wayar, ka samo ɗan rizista, abin nan mai kama da ƙwayar shinkafa da ake cirowa a tsohuwar rediyo, ka haɗa bakin wayoyin biyu da shi, ka naɗe da baƙin salatif. Daga nan kwamfuta ba ta ƙara jin komai sai tamanin da biyar, zafin da take so, ko injin yana daskarewa ne ko yana tafasa. Dabara ce ta bakin hanya, don mota ta lallaɓa ta kai gareji. Kwana ɗaya ake yi da ita, ko biyu. Kuma ana gaya wa mai mota. Wannan na ƙarshen ne Ubaldo ya tsallake.

Ranar wata Asabar ce da tsakar rana. Abokansa sun ɗora ɗan akuya a garwashi tun safe, suna ta buga masa waya. Telmo kuwa, kamar kullum, yana buɗe masa murfin inji a bayan bas ya wuce ɗora ruwan mate, shayinsu mai ɗaci da ake zuƙa da tsinke a ƙoƙo. Shekara talatin Ubaldo yana yi masa gyara, bai taɓa tsaya masa a ka ba. "Aikin Injiniya ba ya son ɗan kallo," haka yake cewa, yana kuma cika wa mutanen Albardón kunne da cewa ƙanen matarsa bai san aikin ha'inci ba. Kafin ya dawo da ƙoƙon mate a hannu, jar fitila ta mutu, inji yana ta gurnani.

"An dace?"

"An dace."

"Sabuwa ka sa?"

Ubaldo yana goge hannu da tsumma, hankalinsa ya riga ya tafi wajen naman akuya. Ya ce, "Sabuwa."

Kalma ɗaya ce tak. Niyyarsa ranar Litinin ya samo ta gaske ya musanya ba wanda ya sani. Sai aka ce babu irinta a San Juan, sai an tambayo Mendoza, Mendoza kuma suka ce a jira.

Abin da ya sani sarai, ya kuma ƙi tunawa, shi ne babbar fankar lagireto ba ta buɗe wuta sai kwamfuta ta ba ta umarni, kwamfuta kuwa ba za ta bayar ba tunda an ce mata komai lafiya. Telmo bai san wannan lissafin ba, amma yana da hanci da kunne. Da suka fita gwaji zuwa Ullum, sau uku yana tsayawa a hanya. Wai yana jin ƙaurin zafi. Wai bai ji fanka ta yi ruri a hawa ba. Wai da safe yana murɗa makulli allurar da ke nuna zafin inji take tashi tamanin da biyar, tun injin bai ko yi ɗumi ba. Zulema ta leƙa ta ga allura a tsakiyar kore, daidai inda ake so. Ta shinshina ba ta ji komai ba, ita da tun wata mura da ta yi shekarun baya ko madara ce ta ƙone ba ta ji. Da aka tambayi Ubaldo batun allura, sai ya ce ai sensar zamani haka take. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, abin har ya ba shi tsoro.

Da a wani gida ne, da an yi dariya an wuce. Amma Anselmo, wan Telmo, da haka ya fara: yana jin ƙaurin hayaƙi a inda babu wuta, yana sa mutane su duba murhu, kafin shekara biyu bai san sunan matarsa ba. Ranar wata Laraba Zulema ta zo garejin Ubaldo, ta zauna a kan tsohuwar taya ta fashe da kuka.

"Auta, ciwon Anselmo ne ya shigo mana gida. Ni na sani."

"Haba Yaya, wane irin Anselmo kuma?"

"To mene ne? Kai da bakinka ka ce motar lafiyarta ƙalau. In motar lafiya, ai shi ne ba lafiya."

A nan ya kamata ya faɗa. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya dubi idonta ya ga in ya faɗa yanzu, ba ƙaryar Asabar kaɗai zai amsa ba, har da kwana goman da ya bar ta tana ɗauke da wannan a zuci. Ya zaro hankici ya miƙa mata. Ta share hawaye ta gaya masa yadda aka shirya. 'Yarsu Marisel ta kama wa babanta layin likitan ƙwaƙwalwa a Córdoba. Tafiya za a yi ta, amma da Ubaldo a ciki. Telmo kuma ya yi alkawari, in ya sake tsayawa a hanya ba dalili, zai miƙa makulli, shi da sitiyari kuma har abada.

"Ya yarda?"

"Ya yarda. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, Auta. Ko musu bai yi ba."

Shi ya sa yau Ubaldo yake zaune a bayan yayarsa da kwali a aljihu. Tsarinsa mai sauƙi ne, irin wanda mai laifi ke yi ya kwantar wa kansa hankali. In injin ya huce, aikin minti goma ne: a kwance tsohuwa, a ɗaura sabuwa, a cire gada. A Las Flores za su kwana. Da sassafe, kafin tsofaffin su gama wanke ido, ya gama, Telmo ya daina jin ƙauri, Zulema ta daina kuka, kowa ya huta. Abin da ke tsakaninsu da Las Flores shi ne hawan Colorado, ga shi kuma Janairu ne, tsakiyar zafi a ƙasarsu.

Suka bar gonakin inabi a baya, suka shiga fili mai tsakuwa da gajerun ƙayoyi. Zulema tana kujerar gaba da filas tsakanin gwiwoyi, tana zuba mate yadda take yi tun Ubaldo bai kai shan sa ba: ta cika ƙoƙon ta miƙa wa Telmo, ya zuƙe ya maido, ta cika ta miƙa wa Ubaldo ta kan kafaɗa, sannan ta sha nata, a sake zagayowa. Ba ta taɓa ɓata layi. Amma yau bayan kowane zubi sai ta saci kallon fuskar mijinta. Shi kuma yana ta surutu fiye da kima, yana kiran sunan kowane kwari da kowace gada kafin a iso ta, da shekarar da ruwa ya cinye ta. Ubaldo ya gane abin da yake yi, gwada wa matarsa yake bai manta komai ba. Mate ɗin ya yi masa ɗaci a baki.

A Talacasto suka tsaya, inda kowane direba ke tsayawa sayen semita, burodin nan mai ɗan kitse a ciki. Tsofaffin suna shiga shago, Ubaldo ya zaga baya ya ɗaga murfin inji. Hucin da ya doke shi sai da ya ja da baya. Ya kai yatsa kusa da sensar ya janye babu shiri. Wanda ya kwance ta yanzu, ruwan zafi zai wanke masa fuska. Yana tsaye yana kallon baƙin salatif ɗin da ya ɓoye a bayan wani tiyo, sai ya ji motsi.

Telmo ne, da semita biyu a takarda. Ya waiga ya tabbatar matarsa ba ta biyo shi ba, ya rage murya.

"Kai ma ka ji wani abu ne?"

Ba tuhuma ba ce. Da tuhuma ce da ta fi sauƙi. Roƙo ne, daga bakin mutumin da ya koya wa Ubaldo riƙe sifana.

"A'a. Mai nake dubawa."

"Au. To." Ya miƙa masa semita ɗaya. Ya ɗan tsaya yana kallon tasa kamar ya manta me ake yi da ita. "Kar ka gaya wa yayarka na tambaya."

Ubaldo ya rufe murfin. Semitar ya ajiye ta a bakin taga, har suka tashi bai iya kai ta baki ba.

Hawan Colorado ba ya zuwa wa mutum da faɗa. A hankali yake tashi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, sai dai ka ga mota tana nishi. Telmo ya sauke giya. Can ya sake saukewa. Surutunsa ya ragu har ya ɗauke. Ya ɗan karkata kai yana sauraron baya, inda ya kamata a ce fanka ta cika motar da ruri, babu komai sai kukan inji. Daga nan ƙaurin ya iso, na roba mai zafi da ruwan lagireto, ya biyo ta ƙarƙashin gado ya wuce murhu ya zo har gaba. Ubaldo ya ji shi sarai. Allura tana nan a tamanin da biyar, ko gezau.

"Injiniya." Telmo bai juyo ba, ta madubi ya dube shi. "Don girman Allah, ba wasa nake ba. Ba ka jin komai?"

"Tsoho," in ji Zulema, "ka yi mini alkawari fa."

"Ki bari ya faɗa, tsohuwa."

Ubaldo ya dubi hanya. Saura kilomita huɗu a kai ƙoli, daga can kuma gangara ce, inji zai huce da kansa. Kilomita huɗu kacal tsakaninsa da rufin asiri. Ya ga motoci da yawa sun jure abin da ya fi wannan.

"Ni dai ban ji ba, Yaya Telmo. Ga allura nan ka duba."

Telmo ya gyaɗa kai. Ya ƙara kilomita guda, hannuwansa sun ƙanƙame sitiyari, gumi yana bin gefen hularsa. Sannan ya sa sigina, ko da yake babu ko kare a titin, ya gangara wani fili a gefen hanya. Akwai ɗan ɗakin Difunta Correa a wurin, matar nan da ƙishirwa ta kashe a jeji, da tulin robobin ruwan da direbobi ke ajiye mata. Ya ja burkin hannu. Ya bar injin ya ɗan numfasa kamar yadda ya saba, ya kashe.

Daga baya ana jin ƙarfe yana ƙas-ƙas.

"Ɗayan biyu ne," in ji Telmo, a hankali, yana kallon gilashi. "Ko motar nan tana ƙonewa, ko kaina ne yake ƙonewa. Injiniya ya ce ba motar ba ce." Ya zare makulli. Ya cire hular ya rataye a ƙusar da ya kafa mata. "Na yi alkawari, ga cikawa. Karɓi, ƙanena. Ka kai mini ita ta ga ruwan. A lanƙwasa ta biyu bayan ƙoli ka rage, akwai yashi."

Ya tashi ya bi ta tsakanin murhun da ya kafa da banɗakin da ya gina, ya je ya zauna a bakin gado. Zulema ta toshe baki da hannu.

Ubaldo ya zauna a kujerar direba. Kujerar ta riga ta lotsa daidai jikin wani, bai sami zama a cikinta ba. Ya sa makulli ya murɗa ɗaya, allura ta yi tsalle ta tsaya a tamanin da biyar. Saura ya ƙara murɗawa. In ya tayar, wataƙila su kai ƙoli, wataƙila injin ya buga a hanya, shekara shida su tafi a banza. Amma ba wannan ne ya riƙe masa hannu ba. Madubi ne. A ciki ya hango Telmo a bakin gado, kai babu hula, hannuwa tsakanin gwiwoyi, irin zaman da ake yi a bencin asibiti. In ma an kai ƙoli lafiya, in ma gobe ya musanya sensar ba wanda ya gani, wancan mutumin ba zai tashi daga wancan zaman ba. Ya riga ya yarda.

"Tayar mana, Auta," in ji Zulema. "Tsayuwar nan ƙara ci masa rai take."

Kunya ta rufe Ubaldo. Bai taɓa ƙin kansa irin na wannan lokacin ba.

"Yaya, matso nan. Ki dubi allurar nan, kar ki ɗauke ido. Duk abin da ta yi ki faɗa da ƙarfi."

"Me kuma ya faru?"

"Ke dai ki duba."

Ya bar makullin a kunne ya sauka. Da ya ɗaga murfi, tururi ya taso daga bakin tankin ruwa, ana jin ruwan yana ɓulɓula a cikin tiyo. Ya naɗe hannu da tsumma ya jawo wayar daga maɓoyarta. Salatif ɗin ya narke yana danƙo. Ya warware shi, ya fizge rizistan.

"Ta faɗi!" Muryar Zulema ta taso daga gaba. "Allurar ta faɗi ƙasa! Ga jar fitila ta kama!"

Ya zaro kwalin daga aljihu, ya yage, ya jona sabuwar sensa a wayar. Ya riƙe ta da filaya ya danna bakinta a jikin bututun ƙarfen da ruwa ke bi.

"Tana tashi. Sittin. Tamanin. Ta wuce inda take tsayawa, Auta. Casa'in da biyar. Ɗari." Sai ta ƙwala, "Ta shiga ja! Wayyo Allah, ta shiga ja!"

Da ya juyo, Telmo yana tsaye a bayansa.

"Mene ne wannan a hannunka?"

"Sensa ce. Sabuwar."

"Wadda ka sa fa?"

"Ban sa komai ba. Gada na yi mata." Ya buɗe tafin hannunsa, ga ɗan abin nan a kwance, da guntun salatif a jikinsa. "Tun Asabar ɗin nan. Duk abin da ka ji akwai shi, Yaya Telmo. Ƙaurin gaskiya ne, fanka ba ta tashi, allura ce take ƙarya. Ni na sa ta. Ɗazu ma na ji ƙaurin, na ce maka ban ji ba."

Ya tsaya yana jiran mari, ko zagi irin na tasha, wanda Telmo ya iya tun daga kan uwa har kaka. So yake ma a yi masa. Telmo ya sa yatsu biyu ya ɗauki rizistan, ya ɗaga shi a rana yana juyawa. Sai ya matsa kusa da injin, ya lumshe ido ya shaƙi ƙaurin har cikin ƙirji, kamar mai shinshinar miya.

"Zafi ne," ya ce. Ya sake shaƙa. "Zafi ne na gaske. Tsohuwa! Tsohuwa, sauko ki ji! Tafasa take yi!" Dariya ta kufce masa, yana buga cinya. "Na faɗa! Tun a Ullum na faɗa! Kaina ƙalau yake, kin ji ko? Ba Anselmo ba ne. Ba shi ba ne."

Dariyar ba ta daɗe ba ta juye. Ya lallaɓa ya zauna a kan wani dutse, ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunsa suna girgiza. Ubaldo bai taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Anselmo.

Zulema ta sauko a hankali, tana riƙe ƙarfen ƙofa. Ta je ta dafa kan mijinta, ta daɗe a haka. Ko kallon injin ba ta yi ba. Da ta ɗago, ƙanenta ta duba.

"Ranar da na zo garejinka, ka sani?"

"Na sani."

"Ka ba ni hankici."

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Sau biyu ina ɓoye masa makulli. Na sa Marisel kuka a waya. Shekaranjiya na same shi yana rubuta sunayen jikokinsa a takarda yana sawa a aljihu, wai kar ranar ta zo masa ba shiri." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi. "Kai kuma kana zaune kana shan mate daga hannuna."

"Yaya, wallahi niyyata gobe da safe..."

"Gyara motar, Ubaldo."

Tun yana rarrafe take ce masa Auta. Sai da ya ɗan yi jim kafin ya gane da shi take.

Awa biyu suka jira injin ya huce. Tsofaffin suka zauna a inuwar bas, kafaɗa da kafaɗa, suna magana ƙasa-ƙasa. Ubaldo ya zauna nesa a rana, ba don wani ya kore shi ba. Ruwan da aka yi asara ya fi na jarkar da suka riƙo, don haka Telmo ya tashi ya je gaban ɗan ɗakin, ya yi alamar gicciye ya ce, "Ara mana, Uwa, a dawowa zan cika miki." Ya ɗebo robobi shida da kansa. Da Ubaldo ya miƙe zai taya shi, sai ya girgiza kai, ba da fushi ba.

Injin ya huce. Ubaldo ya shimfiɗa tsumma, ya jera sifanu, ya durƙusa. Yana jira ya ji takun ƙafa ya nufi murhu, da maganar nan ta kullum. Takun bai zo ba. Inuwar Telmo tana nan a kan injin.

"Ba ni in gani kafin ka ɗaura."

Ubaldo ya miƙa masa sensar. Telmo ya zaro tabarau daga aljihu ya sa. Ya karanta lambar da ke jikinta, ya ɗauki yagaggen kwalin ya karanta ta jikinsa, ya gwada su harafi bayan harafi, yana motsa leɓe. Sannan ya maido masa. Ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannuwa a baya, ya zuba ido.

Aikin minti goma ne, Ubaldo ya yi shi ya fi sau ɗari. Yau sifana sau biyu tana suɓuce masa. Ya kwance tsohuwar, ya ɗaura sabuwar, ya jona waya, ya zuba ruwa, ya cire iska, duk a ƙarƙashin wannan idon. Da ya gama, Telmo ya sunkuya ya taɓa wayar da yatsa, ya ɗan ja ta ya ga ta kama.

"To," ya ce. Ya rufe murfin da kansa.

Ya hau ya cire hularsa daga ƙusa ya sa. Ya murɗa makulli, allura ta tsaya can ƙasa inda ya kamata. Suka hau titi. A hankali ta fara tashi, saba'in, tamanin, ta wuce tamanin da biyar ba ta ko tsaya gaisuwa ba. Tana kai casa'in da biyu, sai ruri ya taso daga baya, labulen Zulema mai furanni har yana kaɗawa.

"Kin ji ta, tsohuwa?"

"Na ji ta, tsoho."

Ta buɗe filas. Ta cika ƙoƙon ta miƙa wa Telmo, ya zuƙe ya maido. Ta sake cikawa. Hannun Ubaldo ya riga ya taso da kansa har rabin hanya. Ta kai tsinken bakinta ta sha, ta cika, ta sake miƙa wa Telmo. Ubaldo ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Teku kuwa da sauran tafiyar kwana biyu.